Zanen Jirgin Ruwa da Tarihin Amurka: Shin Hoton Gaskiya Ne?

Tambaya: Malam, ina rubuta aikin kammala digiri kan zanen Amurka na ƙarni na 19. Na kafa hujja da zanen masu shaƙatawa a jirgin ruwa cewa jama'a na cikin walwala kafin masana'antu su mamaye ƙasar, sai malamina ya ce in sake babin gaba ɗaya. Hankalina ya tashi, ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, amma malaminka yana da gaskiya. Kuskurenka shi ne wanda nake fama da shi kullum, wato ɗaukar zane tamkar hoton kyamara, kuma masu yaɗa waɗannan hotuna a Facebook da dogon sharhi ba tare da sun duba ko shekarar zanen ba, su ne suka fi ɓata mini rai.

Dubi zanen Breezing Up na Winslow Homer, wanda ya fara a 1873 ya gama a 1876: dattijo ɗaya da yara uku a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, ga kifin da suka kama zube a ƙasan jirgin. A watan Satumba na 1873 ɗin ne bankin Jay Cooke ya durƙushe, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali na shekaru, ma'aikata suka rasa abin yi. Garin Gloucester da Homer ya zana kuwa garin masunta ne da teku ke cinye mazajensa, domin a 1879 kaɗai fiye da mutum 200 ba su dawo gida ba. Binciken da aka yi wa zanen da na'ura ya nuna Homer ya goge yaro na huɗu ya sa ƙarfen tsayar da jirgi a gurbinsa, ya kuma karɓe sandar juya jirgin daga hannun dattijon ya danƙa wa yaro. Wanda ya yi wannan gyare-gyare ba rahoto yake bayarwa ba, fata yake tsara wa ƙasar da ba ta daɗe da fita yaƙin basasa ba.

Sannan kalmar "kafin" da ka yi amfani da ita ba ta zauna ba. A zanen Thomas Eakins na 1871, lauya Max Schmitt yana hutawa a kwalekwalen tsere a kogin Schuylkill na Filadelfiya, a bayansa ga gadar jirgin ƙasa, ga jirgin ruwa mai hayaƙi. Hutun nasa ɗan birnin masana'antu ne, kuɗin birnin ne ya saya masa lokacin wasa. Daga wannan gadar ya kamata ka fara sabon babinka.