Yayata tana tsare, jami'ar walwala na tambayar yaranta: mene ne matsayinmu a doka?

Tambaya: Barista, an tsare yayata a gidan gyaran hali bisa zargin cin amana, kan wasu kaya da ta karɓa bashi ta kasa biya. Mijinta ya rasu. 'Ya'yanta uku: mai shekara 11, mai shekara 6, da jaririya 'yar wata 9 da ke tare da ita a ciki. Manyan biyu suna hannuna. Wata jami'ar walwala ta zo gida tana tambayoyi tana rubutawa, dangin uban kuma sun ce za su kwashe yaran. Gwamnati za ta iya ƙwace su? Yaya zan yi?

Amsa: Malama, Allah ya kawo mafita. Kafin komai, kada ki rufe wa jami'ar nan ƙofa. Da yawa idan suka ga ma'aikacin gwamnati da biro da takarda sai su ɓoye yara ko su amsa masa sama-sama, kuma a shari'a irin ta yayarki hakan na iya ja mata ƙarin watanni a tsare. Alƙalin da ke riƙe da fayil ɗinta bai san tana da 'ya'ya ba. Abin da ke gabansa sunanta ne, da laifin da ake zargi, da yawan kuɗin. Rahoton jami'ar walwala na cikin 'yan hanyoyin da yaran za su shiga gaban kotu, kuma ya fi kukan dangi nauyi a idon alƙali.

Jami'an da za ki yi hulɗa da su iri biyu ne. Akwai ta ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jiha, mai duba inda yaran suke kwana, wa ke ciyar da su, ko suna zuwa makaranta. Akwai kuma jami'in walwala na cikin gidan gyaran halin, wanda ke haɗa ɗaurarre da danginsa da lauyansa, ya shirya ziyara, ya san ranar komawa kotu. Ki nemi ta farkon ta nuna miki katin aiki, ki rubuta sunanta da ofishinta, ki je ofishin da ƙafarki ki tabbatar. Babu ɗayansu da ke da ikon ɗauke yaro ya miƙa wa wani don ganin dama. Wannan sai da umarnin kotu, in ban da yaron da ke cikin haɗari na gaggawa, shi ma na ɗan lokaci ne kafin a je gaban alƙali. Dokar 'yancin yara ta 2003 ta ce maslahar yaro ce abin dubawa na farko, kuma jihohi suna da tasu dokar a kan wannan. Yaron da ke hannun ƙanwar uwarsa, yana ci yana sha yana zuwa makaranta, ba shi doka ke nufi da yaro mai neman ceto ba.

Amma fa ki kula da bakinki. Jami'ar walwala ba lauyar yayarki ba ce, abin da kika faɗa mata na iya shiga rahoton da mai gabatar da ƙara zai karanta. Ki yi mata bayanin yara dalla-dalla: wane ne ya daina cin abinci, wane ne ya koma fitsarin kwance, wane ne aka fara tsokana a makaranta. Batun wa ya karɓi kaya da inda kuɗi suka shiga, ki bar wa lauya. Kada kuma ki sa hannu ko ki dangwala a takardar da ba a karanta miki da yaren da kike ji ba, kuma ki karɓi kwafinki.

Ki tara wa jami'ar takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafin jaririyar, sakamakon jarrabawar manyan, da shaidar rasuwar mahaifinsu. Ta ƙarshen nan ita ke tabbatar da cewa yayarki ce kaɗai mai ɗauke da su, kuma a kanta lauya zai gina roƙonsa.

Babban abin da zai taimaki yaran shi ne uwarsu ta fito, saboda haka a nan ya kamata ki zuba ƙarfinki. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 8(2), ta hana kama mutum kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, haka ma dokar 'yan sanda ta 2020. Lauya zai duba ko akwai haƙiƙanin cin amana, ko kuwa bashi ne aka sa wa rigar laifi. Cin amana laifi ne da ake bayar da beli a kansa. Sashe na 165 na dokar 2015 ya ce kada sharuɗɗan beli su wuce kima, idan kuma majistare ya gindaya abin da ba za ku iya ba, alƙalin babbar kotu na da ikon sake duba su. Idan wani ya ce miki mace ba ta tsaya wa mutum beli, sashe na 167(3) ya ƙaryata shi ƙarara. Dokar 2015 ta kotunan tarayya ce da Abuja, jihohi sun yi irinta, lambobin sassan ne kan bambanta.

Takardar rantsuwar da ke raka neman belin ta ambaci yaran ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu, a maƙala rahoton jami'ar walwala. Lauyoyi da dama kan tsallake wannan, su cika takarda da sassan doka, alhali abin da ya bambanta yayarki da sauran masu jiran shari'a shi ne jaririyar da ke goye a bayanta. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Agajin Lauya ta tarayya mai ofishi a jihohi, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Ko an same ta da laifi, ɗauri ba dole ba ne. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashe guda na hukuncin da ba na kulle ba, irin su ɗaurin talala da aikin al'umma. Sashe na 460 na dokar 2015 ya ba kotu wannan dama, sai dai ya cire laifin makami, laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya haura shekara 3, don haka lauya ya duba sashen da aka tuhume ta da shi. Zai kuma iya kawo sashe na 30 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara, da Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, waɗanda suka fifita hukuncin waje ga mace mai ƙananan yara idan laifin ba na tashin hankali ba ne. Ƙa'idojin ba sa tilasta alƙali, amma suna ba shi madogara idan yana son sassautawa. Biyan wani ɓangare na kuɗin ta hannun lauyoyi, a rubuce, yakan buɗe ƙofar sulhu.

Jaririyar kuwa, tsohuwar ƙa'idar gidajen yari ta yarda da zaman yaro mai shan nono da uwarsa har wata 18, dokar 2019 kuma ta wajabta wurin renon jarirai a ɓangaren mata. Abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban, don haka ki tambayi jami'in walwala wa ke kai ta rigakafi da asibiti. Saura wata 9 kenan ta cika wata 18 ɗin. Ki fara saba mata da ke a ziyara tun yanzu, kuma a rubuta cewa hannunki za ta dawo, da amincewar uwar da sa hannun jami'in. Jaririn da aka miƙa da baki kawai ana iya rasa inda ya shiga.

Dangin uban ba su da ikon kwashe yaran da ƙarfi. Idan kotun shari'ar Musulunci ce ke da hurumi a kanku, a mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, in ta samu uzuri ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin ya kai ɓangaren uba, kuma yana dawo mata idan uzurin ya gushe. Kula da gadon marayun batu ne daban, kuma daga cikinsa ake iya neman kuɗin ciyar da su. A kotun iyali kuwa maslahar yaran ake aunawa, kuma ba ta son raba 'yan'uwa ko sauya musu makaranta tsakiyar zango. Kada ki jira su kai ki ƙara. Ki nemi umarnin riƙo na wucin gadi da kanki, tare da rubutacciyar amincewar yayarki, kuma kada ki hana dangin uban ganin yaran, domin hanawar kan zama hujja a kanki.

Manyan yaran a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Ƙaryar “Mama ta yi tafiya” takan tonu a bakin yaran unguwa, daga nan sai yaro ya daina yarda da ke. Jami'ar walwala za ta iya zama tare da ku ranar da za a faɗa musu. Kafin ki kai su ziyara, ki tambayi ranaku da lokutan da aka ware, da abin da aka hana shiga da shi, ki kuma shaida musu cewa za a caje su a ƙofa kuma uwarsu ba za ta biyo su gida ba ranar. Ki bar lambar wayarki a ofishin walwala na gidan, a rubuta ta cikin fayil ɗin yayarki a matsayin wadda za a sanar idan an sauya mata wuri ko ta kwanta rashin lafiya.