Tambaya da Amsa: Ina so tsohuwar PDP-11 ta riƙa jin Hausa

Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne nan Maradi unguwar Zariya, na sa SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, cikin kwamfutata ina kunna tsohuwar RT-11, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar PDP-11, don koyo, amma wallahi PIP, shirin kwafa da goge fayiloli, ta ishe ni, in za ka kwafi fayil sai ka rubuta R PIP sannan sunan inda za shi, alamar daidai, sannan sunan asalin, ni kullum juya su nake. Ana iya yi mata faci, wato a gyara lambobin cikinta, ta karɓi umarni mai sauƙi, ko ma na Hausa kamar GOGE da KWAFA? Allah shi ƙara basira.

Wa alaikumus salam ƙanena. Ana iyawa mana, amma kar ka fara da yanka cikin monita, wato babban shirin da ke zuciyar RT-11, tukun.

Da farko duba wace RT-11 ce gare ka, don daga yadda ka faɗa kamar fitowa ta biyu ce ko ƙasa. Kamfanin DEC sun fito da PDP-11 a 1970, RT-11 kuma a 1973, kuma su kansu sun ga wahalar nan, shi ya sa a fitowa ta 3 cikin 1977 suka sa COPY da DELETE da DIRECTORY da TYPE. Abin da za ka lura shi ne ba su kashe PIP ba, tana nan daram, ɓangaren da ake ce ma KMON ne ke karanta abin da ka buga a allo ya juya shi zuwa yaren PIP ya miƙa mata, kai dai ba ka gani.  To kai ma hanyar da za ka bi kenan, ka sa mai fassara a gaba ka ƙyale na ciki da aikinsu.

In ka samu fitowa ta 5 ma aikin ya kusa ƙarewa, akwai ƙofa da suka bari da gangan sunanta UCL. Ka buga kalma KMON bai san ta ba, sai ya duba ko akwai shirin da ke da sunan nan a faifan SY, wato wanda RT-11 ke tashi daga kansa, in babu ya tura ta wurin UCL.SAV, shi kuma yana da jerin kalmominka da abin da kowace ke nufi, sai ka ce masa GOGE na nufin DELETE, JERA na nufin DIRECTORY, shikenan ba ka taɓa ko lamba ɗaya ta monita ba. Ni nan zan tsaya in ni ne kai.

Amma na san ku matasa, faci kake so da hannunka, to ji yadda abin yake. Sunayen umarni suna cikin wani tebur ne a cikin KMON, kowane suna da inda za a tsallaka in an kira shi. Za ka buɗe fayil ɗin monita da PATCH ko SIPP, ka nemo teburin, ka canza lambobi, kuma duka a lissafin takwas-takwas suke, ba 8 ba 9, bayan 7 sai 10. Matsalar wuri ce. Na'urar bit 16 ce, abin da take gani kai tsaye KB 64 ne, 8 na sama kuma na kayan haɗi ne, saura 56, don haka masu rubuta monitan sun matse komai ba su bar fili ba, kamar a ba tela riga a ce ya ƙara mata faɗi ba a ba shi ƙyalle ba. Canza COPY zuwa KWAF ba wuya tunda haruffa huɗu ne a mazaunin huɗu, amma KWAFA ta ƙara ɗaya, ka tura na gaba da ita duk adireshin da ke nuna wurin ya kauce, sai ka kunna ka ga shiru ko ɗigon nan da monita ke nunawa in tana jiran umarni bai fito ba. Kuma in ka maye COPY da sunanka, duk fayilolin COM, masu ɗauke da jerin umarni, da ke kiran COPY sun mutu, har na tashin na'ura in akwai ta ciki.

Wani abu, manta da ɗ da ƙ da ɓ. Sunan fayil haruffa 6 ne da 3 a wutsiya, an cusa su da tsarin RAD50 mai alamomi 40 kacal, uku-uku cikin kowane bit 16, ba ƙugiya ba ƙananan baƙaƙe. ƘIRƘIRA sai dai KIRKIR.

Sa'arka ɗaya SIMH kake, wadda Bob Supnik tsohon ma'aikacin DEC ya fara, faifanka fayil ne kawai zaune cikin kwamfuta. Kafin kowane faci kwafe shi gefe ka sa masa kwanan wata, ballantana da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi ana tsakar rubutu. Ka riƙa rubuta adireshi da tsohuwar lamba da sabuwa a takarda, ka canza ɗaya ka gwada kafin ta biyu. In ka maƙale turo mana lambar fitowar da take nunawa in ta tashi, mu duba tare.