Bakina Ya Yi Nauyi Wurin Addu'a Tun Da Muka Gudo Daga Gida

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ƙaramar tana baya har yanzu. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bokkos. A kwanakin Kirsimeti na 2023 aka shigo mana da dare, muka gudu da kayan jikinmu kawai. Ƙanen mijina bai tsira ba. Rumbunmu ya ƙone, har da irin dankalin da muka ajiye. Yanzu muna haya a ɗaki ɗaya a Bukuru, maigida yana zuwa haƙar kuza, ni kuma ina suyar ƙosai.

A gida ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. Yanzu zanen zumuntar yana can ƙasan akwati. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, wani lokaci barci ya kwashe ni a durƙushen. Da dare kuwa, da na ji ƙarar babur na farka ke nan, gabana na ta faɗuwa har asuba.

Kwanan baya fasto ya yi wa'azi a kan "ku yi tsaro, ku yi addu'a", na ji kamar da ni yake. Sai maƙwabciyata ta kai ni wurin wani da suke kira annabi. Ya ce ruhuna ya yi barci, kuma wai uwar mijina ce ta ɗaure mu. Ya ce in kawo naira 30,000 na man shafewa, in yi azumin kwana 7 ba ci ba sha. Jarin ƙosaina ke nan gaba ɗaya. Mama, na ja da baya ne? In ba shi kuɗin?

'Yarki a Bukuru

*

'Yata, sannu. Allah ya ƙara muku haƙuri, ya ta'azantar da ku a kan wannan rashi.

Kada ki ba shi ko sisi. Na fara da wannan ne don shi ya fi gaggawa. Mace mai shayarwa ta yi kwana 7 ba ruwa, ai neman kashe ta ake yi, ita da goyonta. Sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa a Matiyu 10:8, cewa ya yi kyauta suka samu, kyauta za su bayar. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuma, da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, kin san irin tsawar da Bitrus ya yi masa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar uwar mijinki. Tsohuwar nan ɗanta ta binne. Yau a ɗora mata maita? Mahara sun ci rumbunku, wannan kuma so yake ya ci zumuncinku. Ganewar da za ki yi masa, ita ce tsaron da faston ya yi wa'azi a kai. Tambayar da kika tsaya kika yi kafin ki miƙa kuɗin ma ta nuna mini idonki biyu.

To, batun barci wurin addu'a. Ayar da kika ji daga Matiyu 26:41 take, a lambun Getsamani. Ki buɗe Luka 22:45 ki ga yadda ya ba da labarin dare ɗayan nan: ya ce Yesu ya tarar da almajiran suna barci saboda baƙin ciki. Luka likita ne, ya san akwai barcin da baƙin ciki ke jawowa. Yesu ya tashe su, gaskiya ne, ya kuma faɗa da bakinsa cewa jiki rarrauna ne. Bai kore su ba. Waɗannan masu gyangyaɗin su ne ya damƙa wa bishara bayan tashinsa.

Ki duba Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin wani itace, ya ce wa Allah ya isa haka, ya ɗauki ransa. Me Allah ya yi? Ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, aka ce masa ya tashi ya ci. Ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan nan aka zo ga magana. Ni dai ban ga inda aka ɗora masa azumi a gindin itacen nan ba.

Wannan farkawar da faɗuwar gaba ciwo ne da tashin hankali ke bari a jikin mutum, kuma yana da magani. Ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen da ke duba irin wannan. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Ki ja maigida ku tafi tare, don shi ma ɗan'uwa ya rasa, maza kuwa sun iya haɗiye abu.

Addu'ar kuma, ki daina jiran doguwa. Da asuba, sa'ad da kike wanke wake, ki faɗi Addu'ar Ubangiji a hankali. In kin tsaya a "ka ba mu abincinmu na yau", ya isa na ranar. In bakinki ya ƙi, ki ari na Dawuda: Zabura 13 da "har yaushe, ya Ubangiji" ta fara. Zabura 88 kuwa cikin duhu ta ƙare, duk da haka tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Allah bai tsorata da kukanki ba, in ma fushi ne ki kai masa. Romawa 8:26 ta ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana yi mana roƙo.

Abu ɗaya nake ji miki tsoro, zama ke kaɗai. Icen da aka zare daga murhu shi ke fara mutuwa. 'Yan'uwanmu na cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) sun ga irin wannan: a 2014 Boko Haram ta ƙwace hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninsu suka yi zaman gudun hijira a nan Jos, mutanensu suka warwatsu. Inda duk suka sauka sai su nemi juna su yi sujada, daga baya kuma suka koma. Ki ciro zanen nan, ki wanke, ki je zumunta wannan makon. Ba sai kin ba da waƙa ba. Ki zauna a baya ki ji ƙarar tulun kiɗa, in hawaye ya zo ki bar shi. Ki sami matar fasto ko wata dattijuwa guda ki ba ta labarin nan duka, har da na annabin, don ba ke kaɗai yake wa wannan ba.

Uwar mijinki kuma, ki kira ta ki gaishe ta, ki sa jikokinta su yi mata magana. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da likita ya ce, da ko kin fara samun barci.

Mamanki