Yoga ga yaro mai larurar sandarewar gaɓɓai

Kin tambaya ko ɗanki mai shekara 6, mai larurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓɓai, zai iya yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓɓai a hankali tare da daidaita numfashi. E, zai iya, 'yar'uwa. Ba ta warkar da larurar, amma tana iya sassauta jiki, ta taimaka wa zama da numfashi.

Sai dai ki fara kai shi likitan gashin ƙashi ya duba kwatangwalonsa, don na yaran nan kan goce ba a sani ba. Ni da 'yata, mai irin wannan larurar, minti 10 muke yi a tabarma bayan wankan ruwan ɗumi, lokacin jikinta ya saki. Ranar da na danna ƙafarta da ƙarfi, wallahi ƙara ƙagewa ta yi, kwana biyu ta ƙi yarda. Yanzu da ta yamutsa fuska nake tsayawa.