Ga ɗan'uwan da kulocin baburinsa ke ƙauri a rairayi

Ɗan'uwa, sannu da fama. Ka ce baburinka da kaya yana nutsewa duk sanda ka shiga rairayi mai laushi, kuloci ya fara ƙauri, ga shi kana shirin yin kilomita 400 a hamada babu wurin shan mai a tsakani. Ina ganin maganar ƙaurin nan gabana ya faɗi, don na san shi sarai. Don Allah kada ka tafi da kulocin nan a haka.

Fara da baƙin man da ke cikin injin. Kulocin yawancin irin baburanmu a cikin baƙin mai yake wanka, man mota kuwa da yawansa akwai sinadarin rage gugar ƙarfe, wanda ke sa faifan kuloci santsi. Duba galan ɗin: in ba ka ga JASO MA ko MA2 a jiki ba, wato alamar man da ya dace da kulocin babur, a juye shi. Abin nan yana ci mini rai matuƙa. Makanike ya san inda za ka, ka gaya masa da bakinka, amma ya ɗura maka abin da ya samu kusa da hannunsa ya ce ai mai mai ne. A kwalta ba za ka gane ba. Sai ka kai tsakiyar tudun rairayi da azahar, ka murɗa totur, inji ya yi ta kuka, tayar baya ko motsi. Ka saki hannun kuloci gaba ɗaya, babu abin da ya kama. Murfin inji ba ya taɓuwa don zafi, inuwa babu, waya babu sabis, shi kuwa wanda ya ja maka yana kwance a gidansa. Kuma faifan da ya ƙone ya yi sulɓi ba ya dawowa, ko ka canza man. A buɗe a duba. In na ƙarfen sun yi shuɗi ko sun lanƙwashe, a canza su duka har da sifirin, a jiƙa sababbin a mai kafin a ɗaura. Tsofaffin da ba su mutu ba ka tafi da su a jaka.

Ka kuma duba wasan hannun kuloci. In na waya ne, ya kamata bakin hannun ya motsa milimita 10 zuwa 20 kafin ka ji ya yi nauyi. In ba wasa, kulocin a ɗan buɗe yake kullum, yana cin kansa.

Sai hawan. Ƙaurin yakan zo ne daga riƙe kuloci rabi da rabi. Tashi da giya ta biyu, ka sake shi gaba ɗaya da wuri, ka miƙe tsaye, nauyinka ya koma baya, totur a riƙe ba yankewa. Kana sakin totur tayar gaba za ta kafe. Birkin gaba kuwa ka manta da shi. In tayar baya ta haƙa rami, tsaya nan take! Sauka, sauke kaya, kwantar da babur a gefe ɗaya, tura rairayi ka cike ramin, ka ɗaga shi, ka fito da shi a giya ta ɗaya kana tafe a gefensa.

Nutsewar kuma iskar taya ce da nauyi. A rairayi mai laushi ana rage iskar taya zuwa psi 12 zuwa 15 (psi ma'aunin iskar taya ne), amma sai in akwai ƙarfen nan da ke danne bakin taya a jikin rim, rim lok. In babu shi, kada ka yi ƙasa da 18, don taya za ta juya a kan rim ta ja tub har ta yage gindin bawul, wannan kuwa ba ya faci. Notin bawul kada ka ɗaure shi a jikin rim, mayar da shi sama wajen murfi. In ka ga bawul ya karkace, taya ta fara tafiya ke nan. Da ka fito ƙasa mai duwatsu, ƙara iska zuwa 22 ko 25. Gejin auna iska da ƙaramin famfo su zauna inda hannu ke kaiwa.

Fetur: in a kwalta kana samun kilomita 25 a lita, yi lissafi da 15. Lita 27 ke nan, da na ko-ta-kwana 33, nauyin kusan kilo 25. Tankin babur irin Ténéré 700 lita 16 ne, na DR650 kuma 13, ka ga sauran a jarka ne. Ɗaure su ƙasa-ƙasa, gaban tayar baya in zai yiwu, ka riƙa juyewa a tanki da zarar an samu wuri. Ruwa lita 6 a rana shi ne mafi ƙaranci, ranar tono ya fi haka, ka ƙara na kwana biyu, a mazubi daban-daban don kada huji ɗaya ya kwashe duka.

Ba ka tambaya ba, amma da wa za ka tafi? Akwai masu wucewa gaba ba waiwaye, har sai sun tsaya shan ruwa su ga ba ka. Ku yi magana tun a gida: kowa shi ke da alhakin na bayansa, in bai gan shi ba ya tsaya. In babur ya mutu, a zauna wurinsa a yi inuwa, ba a kama tafiyar ƙafa. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ta fi mini kowane kaya, sai dai ka bincika dokar ƙasar, wasu suna neman izini.

Ka fita da asuba, rairayi ya fi tauri da sanyin safiya, inuwa kuma tana nuna maka siffar tudu. Kada ka haye kan tudu ba ka leƙa ba, ɗaya gefen gangara ce mai kaifi. Sarƙa a bar ta kusan a bushe, mai da rairayi in sun haɗu cinye ta suke yi. Soson matatar iska ka tafi da na biyu, shafe da mansa, a cikin leda.

Turo mana hoton galan ɗin man, da na rim ɗin baya mu gani ko akwai hujin rim lok.