Ku Tambayi Anti: Biskit mai cikin dabino yana fashe min a wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema kan biskit ɗin nan mai dabino a ciki da alhazai ke kawowa tsaraba daga Saudiyya, mamul. Yarana suna sonshi sosai shi ne na ce bari in gwada da kaina kafin sallah, to wallahi abin ya ba ni haushi, rabi sun tsage dabinon ya fito waje ya ƙone a jikin tire, wanda bai fashe ba kuma da ya huce cikin ya yi tauri sai an sa ƙarfi. Da busasshen dabino na yi, irin na baro, na jiƙa shi ya kwana. Kuma ba ni da oben, da tukunyar yashi nake gashi. Ina matsalar take? Daga ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillah. Matsalarki ba tukunyar yashi ba ce, ruwa ne. Wannan jiƙon da kika bar dabino ya kwana a ciki shi ya jawo miki, domin dabinon ya sha ruwa ya yi caɓa-caɓa, da ya ji wuta sai ruwan ya zama tururi yana neman hanyar fita, ƙullin kuma ba shi da yadda zai yi sai ya tsage. Wanda ya tsira kuma na san kin bar shi ya daɗe a wuta kina jira ya yi ja kamar cincin, sukarin dabinon ya dahu ya wuce misali, shi ya sa da ya huce ya daskare.

Mamul asalinshi na Larabawan Sham ne, su Lebanon, Siriya, Falasɗinu da Jodan, Musulminsu na yi da sallah Kiristocinsu kuma na yi lokacin Ista, mutanen Iraki suna da nasu mai kama da shi da suke ce wa kilecha. Su can dabino mai laushi suke samu ko ma niƙaƙƙe a leda, mu kuma wanda ya fi yawa a kasuwa busasshen nan ne da ke shigowa ta Nijar, kuma yana yi tsaf, sai dai turara shi ake yi ba jiƙawa ba. Ki ɓare ki cire ƙwallon, ki duba cikin kowanne da kyau don wani za ki ga baƙin gari-gari na ƙwaro a ciki, irin wannan ki yar kar ki ji asara. Ki ɗauraye sama-sama ki zuba a madambaci ko kwando a kan tafasasshen ruwa ki rufe kamar minti 15 zuwa 20, har sai kin matsa da yatsa ya lotsa. Da zafinshi za ki daka a turmi mai tsabta, turmin da bai ga daddawa ko yaji ba dan Allah, ki sa man shanu cokali 2 a rabin kilo na dabino, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali, in kina so ɗan kanumfari kaɗan. Man nan shi ke hana cikin yin tauri bayan ya huce. Alamar ya yi shi ne ki mulmula a tafin hannu ya dunƙule sumul bai manne miki ba. In yana mannewa akwai sauran ruwa, ki zuba a kasko ki yi ta juyawa a ƙaramar wuta ya tsane.

Sai ƙullin. Na asali da samolina ake yi, kuma semon da muke tuwo da shi yana aiki. Semo kofi 2, fulawa kofi 1, bota ko man shanu giram 250 wato ledar nan guda ɗaya, ki narkar ki bari ya sha iska ki zuba ki murza da tafin hannu har ko'ina ya ji mai. Daga nan ki rufe ki manta da shi ya kwana, ko aƙalla awa 6. To kin ga nan ne ake kwana ba wajen dabino ba! Semo tsaki-tsaki ne, sai ya sha man a hankali yake laushi, in kika yi gaggawa za ki ji shi garas-garas a baki kuma ƙullin ba zai kama jikinshi ba. Washegari ki sa sukari cokali 2 kawai tunda dabinon ya wadatar, ɗan gishiri, yis rabin ƙaramin cokali, sai madara mai ɗumi ki riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, da wuya ta kai rabin kofi. Larabawa ruwan wardi suke sawa, in kin samu a shagon kayan kek ki sa cokali 1, in babu ba komai. Kar ki buga shi bugun burodi, ki haɗe kanshi kawai ki bar shi awa 1.

Abin da nake so ki riƙe shi ne laushin ƙulli da laushin dabino su zo ɗaya. Ki taɓa wannan ki taɓa wancan, in ɗaya ya fi ɗaya tauri to wajen dannawa mai taurin zai huda mai laushin. Ki gutsuri ƙulli kamar girman goro, dabino kuma rabin haka ko ƙasa kaɗan, ki yi rami da babban yatsa ki saka ki tattaro bakin ki liƙe sosai ki mulmula, in kin hango duhun dabino ta jikin ƙullin to ya yi siriri a wurin, ki toshe. Larabawa suna da abin bugawa na katako mai zane, kuma a al'adarsu siffar ke nuna abin da ke ciki, na dabino faifai ne zagaye. Ke da ba ki da shi ki ɗan danne da tafin hannu ki yi ado da cokali mai yatsu, amma kar ki soka har ciki.

Tukunyar yashi kuwa ki fara ɗora ta ta yi zafi kamar minti 15 kafin ki saka komai, ki ɗora tiren a kan gwangwani ko murfi kar ya zauna kan yashin kai tsaye, wuta ƙasa-ƙasa, in da gawayi kike ki ɗan zuba garwashi a kan murfin. Minti 20 zuwa 25 ya isa. Masu oben su sa zafin a digiri 180, minti 15 zuwa 20. Ƙasan za ki ɗaga ki duba, in ya yi ruwan zuma ki sauke ko da saman fari ne, haka yake. Zai yi miki kamar bai gasu ba, kar ki taɓa shi sai ya huce don da zafi yana marmashewa.

TAMBAYA: Anti ni zabibi nake da shi da yawa, zai yi a madadin dabino? Daga Maraɗi.

AMSA: Zai yi 'yar uwa amma shi kaɗai ba ya dunƙulewa, kuma yana da ɗan tsami-tsami. Ki zuba mishi ruwan zafi minti 10, ki tsane ki goge da tsumma mai kyau, ki daka da dabino rabi da rabi. Ni na fi son shi da soyayyar gyaɗa dakakkiya ko kantu a ciki, yana rage zaƙin. Busasshen ɓaure irin na kanti ma haka, ki yanke kan mai taurin ki turara. Amma ki sani mai zabibi ya fi danshi, da damina kar ki ajiye shi ya wuce mako ɗaya, na dabino zalla kuwa in ya huce sarai kika rufe a roba mai murfi yana kai mako 2.

TAMBAYA: Surukata tana da ciwon suga, in na cire sukarin gaba ɗaya za ta iya ci? Daga Kaduna.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya cire cokali 2 ɗin nan ba zai canza komai ba, shi kanshi dabino wajen kashi 2 cikin 3 na nauyinshi sukari ne, ga semo ga fulawa. Kar ki kai mata da sunan marar suga ta saki jiki ta ci da yawa. Ta tambayi likitanta ko guda ɗaya ƙarami zai yiwu, in ya ce a'a ki soya mata gyaɗa ki kai mata da nama.