Tambaya da Amsa: Akori-kurar Baba Mai Tifa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni dai mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana Peugeot 504 akori-kura, wanda ya sayar masa da ita tun da can ya sa an yi mata bodi mai ɗagawa irin na tifa, da ita Baba yake kai taki gona. Yanzu shekara tara kenan tana ajiye a ƙofar gida, tayoyi duk sun zauna. Ina ganin yadda mutanen Amurka suke tada tsofaffin Ford da Chevrolet masu irin wannan bodin, abin yana burge ni wlh. In gyara tifar in riƙa ɗaukar yashi da ita ne, ko in cire in mayar da bodinta na asali? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Gaskiya wasiƙarka ta taɓa ni, don 504 ɗin nan tamu ce, tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna kuma har yau kayanta ba su ɓace ba, in ka shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu galibin abin da kake nema. To ka tada ta, amma don Allah kar ka fara da fenti, kar ma ka fara da tifar, ka shiga ƙarƙashi tukuna.

Ka samu bakanike da mai walda su sauke bodin gaba ɗaya a ga shasi tsirara. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar taki tsatsa ta gama cinta ta ciki, don taki yana riƙe danshi, sai ka ga ƙarfe lafiya lau a ido amma kana dukansa da guduma ya burme. A duba inda aka ɗaure jak ɗin da yake ɗaga bodin da kuma maƙalan baya guda biyu da bodin yake juyawa a kansu, nan ne duk nauyi yake taruwa lokacin juyewa. Abin da masu yin aikin a Amurka suke yi shi ne su shimfiɗa wani ƙaramin firam a kan shasi su ɗaure shi da bolt, nauyin ya bazu, mu kuwa a nan sau da yawa kai tsaye ake walda jak a jikin shasi, kuma daga gefen waldar nan tsagewa take farawa. In haka aka yi wa taku a sake aikin.

Jak ɗin shi ne mai sauƙi. A zubar da tsohon mai, a canza robar da take hana mai yoyo da tiyo, a duba sandar jak ɗin, in tsatsa ta yi mata ramuka sabuwar roba ma ba za ta yi wata guda ba. In famfon da yake tura mai cikin jak ɗin na lantarki ne mai 12V to yana zuƙar wuta kamar kik, yana son batir mai rai da waya mai kauri da fis.

Maganar yashi kuma, a nan ne zan taka maka birki. Tifa ba ta ƙara wa mota ƙarfi ko na kilo ɗaya, ragewa ma take yi, domin nauyin jak da famfo da firam duk daga cikin kason kayanka ake cirewa. 504 akori-kura kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, shi kuwa yashi mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ya kai tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe ya fi haka, kenan tun bodi bai cika ba ka wuce ƙa'ida, sifirin zai kwanta, birki ya ƙi kamawa a gangara. Su Ford F-350 da Chevrolet C30 da kake gani manyan motoci ne, shasinsu da gadarsu ta baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ba irin na taka ba ne. Baba da ya tsaya a kan taki ya san abin da yake yi. Ni shawarata ka bar mata tifarta, ai da ita kuka san ta, ka riƙa ɗaukar taki da buhunan masara da ciyawa, yashi kuwa sai dai kaɗan na gyaran gida.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka. Na taɓa tsayawa a wani gareji tiyo ya fashe bodi ya faɗo lokaci guda, yaron da yake ƙarƙashi bai fi taƙi ɗaya da janye kansa ba, har yau in na tuna ƙarar sai jikina ya yi sanyi. Ka sa a yi mata tokari na ƙarfe mai kauri, kowa zai leƙa ƙarƙashi sai an sauke kaya an kafa shi. Kuma kar ka ɗaga bodi sai a shimfiɗaɗɗen wuri, in mota ta karkace jiƙaƙƙen taki ya manne gefe guda kifewa take yi.